"Mama, na daina cin nama": yadda za ki ja matashinki zuwa abincin tsirrai ba tare da jininsa ya yi ƙasa ba



Washegarin Babbar Sallar da ta wuce, ina shirin fita aikin dare sai ga kiran yayata. Daga jin sallamarta na san ranta a ɓace yake. Ta ce, "Ke da kike asibiti, zo ki ji da 'yarki. An yini ana suyar naman layya, gida ya ɗauki ƙamshi, ita kuwa ta ce ba ta ci. Wai ta daina cin nama, ta daina shan nono, ko ƙwai ba ta so." Yarinyar shekarunta 15, tana aji huɗu a sakandare. Da na same ta bayan kwana biyu na tambaye ta dalili, sai ta miƙo mini wayar mahaifiyarta, ta ce, "Anti, kalli wannan." Bidiyo ne na wata budurwa a Turai tana nuna farantinta, tana cewa tun da ta bar duk abin da ya fito daga dabba fuskarta ta yi sumul, ƙurajen ta sun baje.

Na san wasunku za su ce ai wannan sai 'ya'yan masu hali, wanda ya ƙoshi shi ke zaɓe. Wasu kuma, da tsadar naman nan, za su ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ni ma na yi dariyar a lokacin. Amma da na zauna na bi diddigin abin da yarinyar take ci a yini, dariyar ta tsaya. Safe shayi da burodi. A makaranta biskit da lemon kwalba. Da rana indomi, da dare shinkafa da mai da yaji, ta tsame naman miya ta ajiye gefe. Nama ta cire, amma ba ta mayar da komai a gurbinsa ba.

Wannan tsarin cin abinci shi ake kira bigan. Wani Bature ɗan Ingila, Donald Watson, shi da abokansa suka ƙirƙiro sunan a 1944, ga masu barin nama da kifi da ƙwai da madara, har da zuma. A yanzu abin ya shiga makarantu a wasu ƙasashe. Fotugal ta yi doka a 2017 cewa ɗakunan cin abinci na gwamnati, har da na makarantu, dole su tanadi abincin da babu komai na dabba a ciki ga mai so. Faransa ta wajabta wa makarantu abinci marar nama sau ɗaya a mako tun 2019. Birnin New York na Amurka kuma ya mayar da Juma'a ranar abincin tsirrai a makarantun gwamnati a 2022. Daga irin waɗannan wurare bidiyoyin suke fitowa, kuma wayar da ke hannunki ita ce hanyarsu ta shigowa ɗakin 'yarki.

Sai dai gaskiya, irin 'yar yayata ba su da yawa a cikinmu. Wanda na fi gani, a gida da asibiti, shi ne ɗaya ɓangaren: saurayin da idan aka yi kwaɗon zogale zai yatsina fuska ya ce abincin ƙauye ne, budurwar da ba ta cin wake don kada ƙawaye su ce tana warinsa, yaran da kuɗin tararsu kullum a kan fanke da cincin da lemo yake ƙarewa. Su biyun nan magani ɗaya suke buƙata, wato a cika musu faranti da abincin tsirrai na gaske. Abin da ya kawo ni ke nan yau.

Abin da Turawa ke saye da tsada, a ƙofar gidanki yake

Ki tsaya ki ƙirga. Ƙosai da koko. Alale na manja da albasa. Ɗan wake da mai da yaji. Garau-garau. Dambun zogale. Faten tsaki da yakuwa da gyaɗa. Kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Gurasa da aka barbaɗe da garin ƙuli. Tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. Kunun gyaɗa, kunun aya. Duk waɗannan, in ba ki sa nama ko man shanu ba, babu abin dabba a cikinsu ko ɗigo. Awarar da yara ke layi a kanta da yamma, ita ce abin da masu wannan tsarin a Turai suke kira tofu, suna saye a kanti cikin leda da tsada. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wakenmu, Nijar na bi mata. Don haka idan 'yarki ta ce tana son cin abinci irin na waccan ta bidiyo, ba sai kin je babban kanti ba. Ki kai ta kicin.

Tambayar da iyaye mata suka fi yi mini ita ce, to ina abin gina jiki? Furotin dai ba a nama kaɗai yake ba. Abin da ya kamata ki sani shi ne, furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa giɓin, amma ba wuri ɗaya ba ne. Abin da gero da dawa da shinkafa suka rasa, wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai kuma hatsi ya cike. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma su suka haɗa shinkafa da wake, suka haɗa ƙosai da koko. Ba dole ne a ci su a faranti ɗaya ba, in dai duka sun shiga ciki a yinin. Waken suya kuwa nasa furotin ɗin kusan cikakke ne shi kaɗai, shi ya sa nake girmama awara, ko da yake yawan man da take sha a kasko ba ya burge ni. Ki gwada jefa ta a miyar ganye ko miyar tattasai bayan an ɗan soya ta sama-sama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum, ban da dankali da rogo da doya. Ki auna da idonki: tafin hannu cike sau biyar. Yaranki suna samun ko biyu? Kuma a 2015 sashen binciken cutar daji na hukumar ya sanya sarrafaffen nama, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar dajin hanji, ya ce jan nama ma akwai yiwuwar hakan idan ya yi yawa. Wannan ba hujjar tsoron tsokar da ke cikin miyarki ba ce. Hujja ce ta cewa yaron da ya saba da wake da ganye tun yanzu ya yi wa kansa tanadi.

Maganar jini

A nan zan daɗe, domin nan ne aikina ya fi nuna mini illa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekaru 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Wato tun kafin kowa ya bar nama, fiye da rabinmu jinin bai kai ba. Budurwa kuma jikinta na girma, ga al'ada tana ɗibar jini duk wata. Yarinya mai shekaru 14 zuwa 18 tana buƙatar kusan miligiram 15 na sinadarin ayon a rana, namiji sa'anta kusan 11. Ayon ɗin da ke cikin tsirrai kuwa jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama da hanta, shi ya sa masana ke cewa wanda ba ya cin nama ya nemi kusan ninki biyu.

Wake, waken suya, daddawa, riɗi, gero, alayyafo, zogale, duk suna da ayon. Dabarar ita ce yadda za ki sa jiki ya karɓa. Bitamin C yana buɗe masa hanya: ki matsa lemon tsami a kwaɗo, ki yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kan ɗan wake da garau-garau, ki ba da goba ko lemon zaƙi ko gwanda bayan an ci alale. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa a sha shi ma cike yake da bitamin C. Shayi kuwa rufe hanyar yake yi. Yarinyar da ke kora ƙosai da baƙin shayi mai kauri ta zubar da wani kaso na ayon ɗin da ta ci. Ba na ce a daina shayi ba, na san ba za a daina ba. A raba shi da abinci, a bari kamar awa ɗaya ta wuce.

Jiƙa wake tun dare a zubar da ruwan yana rage abin da ke riƙe ayon a cikinsa, yana rage kumburin ciki da iskar da matasa ke jin kunya, kuma yana sa ya nuna da wuri. Wannan ya fi a zabga masa kanwa, domin kanwa mai yawa tana lalata wasu bitamin na rukunin B. Abin da aka bari ya yi tsami, irin gasara da ƙullun waina da daddawa, shi ma jiki ya fi amfana da shi.

'Yar yayata, wata uku bayan Sallah, ta fara barci a aji, tana haki idan ta hau bene, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Muka yi gwaji, awon jininta ya fito 10, alhali ƙasa da 12 ga mace sa'arta ƙarancin jini ne. Ba rashin nama kaɗai ya jawo ba, al'adarta ma tana zuwa da yawa, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai da na tambaye ta mu biyu. Ki tambayi taki. Kwana nawa take yi, sau nawa take canza audugar a yini, ko tana ganin gudaji. Kuma don Allah kada ki je kemis ki sayo maganin ƙarin jini da ka. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma suna shan jini, mai sikila kuwa ba a ba shi ayon sai likita ya duba, musamman wanda ake yawan yi wa ƙarin jini. Gwaji tukuna.

Abu ɗaya da babu shi a gona

Duk yabon da na yi wa wake da zogale, akwai abin da ba za su ba yaronki ba: bitamin B12. Babu wani ganye ko hatsi ko ƙwaya da za a dogara da shi a kansa. A nama, kifi, ƙwai da madara yake, ko a ƙwayar magani, ko abincin kanti da aka rubuta a jikinsa cewa an ƙara masa. Abin da jiki ke so kaɗan ne, maikurogiram 2.4 a rana ga mai shekaru 14 zuwa sama, amma da shi ake gina jini, da shi jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa suke aiki.

Abin da ke sa mutane su yi sakaci shi ne, hanta tana da ajiyarsa da kan ɗauki shekaru kafin ta ƙare. Yarinya za ta yi shekara ɗaya ko biyu lafiya ƙalau, ta ce ai ga shi babu abin da ya same ni. Daga baya a fara jin ƙafa da yatsu suna mutuwa ko kamar ana tsira allura, harshe ya yi ja yana zafi, mantuwa, kasala, tafiya tana tangaɗi. Mafi muni, mai cin ganye sosai yana samun folet da yawa, shi kuma yakan ɓoye alamar a gwajin jini yayin da jijiyoyi ke ci gaba da lalacewa, wani lahanin kuma ba ya gyaruwa duka. Saboda haka ga matsayata, kuma ita nake gaya wa duk uwar da ta tambaye ni: yaron da ya bar nama kawai amma yana cin ƙwai, yana shan nono ko kindirmo, hankalina a kwance yake. Wanda ya ce ya bar komai da komai, sharaɗin shi ne ƙwayar B12, a je asibiti a rubuta masa yadda zai sha, kuma ke ce za ki riƙa tuna masa. In ya ƙi sharaɗin, to ba a yarda ba. Mai ciki da mai shayarwa kuwa ba a wasa da wannan ko kaɗan, domin jariri daga jikinsu yake samu.

Ƙashi ma yanzu yake ginuwa, kuma matashi yana buƙatar kalsiyam fiye da babba, kusan miligiram 1300 a rana. In babu nono, sai a yawaita miyar kuka, zogale, riɗi da waken suya. Gishirinki kuma ya zama mai aidin.

Kuɗin tara da akwatin makaranta

Abin da kika dafa a gida rabin labari ne. Daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, wani ma har la'asar, yaro yana hannun mai tallan bakin makaranta. Kwalbar lemo babba ɗaya takan ɗauki sukari cokalin shayi goma ko fiye, kuma babu dabba a cikinta, don haka 'yar yayata tana ganin ta cika sharaɗi. Na ce mata biskit da lemo ma bigan ne, amma ba su ne suka gyara fuskar waccan ta bidiyo ba.

Ki zauna da shi ku yi lissafi: da kuɗin lemo da biskit, awara nawa za a samu, ƙosai nawa, gyaɗa ƙulli nawa, goba nawa? Matasa suna son a yi musu magana kamar manya, kuma lissafin kuɗi yana shiga kansu fiye da wa'azin lafiya. Idan yana tafiya da abinci, ki lura da abin da ke hana shi buɗe kular a gaban abokai. Yawanci kunya ce, ba ɗanɗano ba. Alalen da aka yi a ƙaramin gwangwani aka yanka shi da kyau, ko awarar da aka soka a tsinke da albasa da tattasai aka barbaɗa mata yajin ƙuli kamar tsire, sun fi samun karɓuwa a kan wake da mai da ya dagule a leda. Zoɓo ko kunun aya na gida a gora mai kyau, da ɗan sukari kaɗan ko dabino. Ki tuna kunun aya ba ya jure zafi, in ba a ƙanƙare ya bar gida ba kafin azahar ya juya.

Na makarantar kwana kuwa, akwatin da kike haɗa masa shi ne damarki. Ƙuli-ƙuli, yajin daddawa, soyayyar gyaɗa, kantun riɗi, busasshen zogale da zai barbaɗa a abincin makaranta, garin kunu da aka niƙa da waken suya da gyaɗa, dabino, aya. Ki tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, domin tana ɗauke da guba mai cutar hanta wadda suya ba ta kashewa. Amma in gaya miki gaskiya, yaron da ke makarantar kwana ba na ba shi shawarar barin ƙwai da ɗan kifin da ake ba su. Ba shi ke da tukunya ba, kuma abin da ake zuba masa bai kai a rage ba. In kina zuwa taron iyaye da malamai, ki ɗaga hannu ki tambayi sau nawa ake dafa wake da ganye a mako, da abin da aka yarda a sayar a harabar makaranta.

A gida kuma, faɗa ba ya sa a ci abinci. Yayata ta gwada, har da cewa in ba za ta ci nama ba ta kwana da yunwa, yarinyar kuma ta kwana. Abin da ya yi aiki shi ne da aka ba ta girkin daren Asabar, aka ce ta ciyar da gidan duka da abin da ta ga dama, da sharaɗi biyu: a samu wake ko awara ko gyaɗa, a samu ganye. Makon farko ta ƙona ƙosai. Mako na uku ta yi faten wake da alayyafo da dankalin Hausa, ƙannenta maza da ba sa kallon ganye suka nemi ƙari, saboda yayarsu ce ta dafa ba Mama ba. Ga wanda ba ya son ganye sam, kada ki yi shela. Ki zuba garin zogale a ƙullun ɗan wake, ki yanka alayyafo ƙanana a alale, ki bar shi ya saba. Kuma ke ma ki ci. Uwar da ke tsince naman miya ta bar ganyen ba ta da bakin magana.

Maigidan yayata damuwarsa daban ce. Ya ce, "Abin da Allah ya halatta ne za ta ce ba ta ci?" Muka zaunar da ita a gabansa, ta ce ita ba ta ce haramun ba ne, ba ta kuma ƙyamaci layya ba, ba ta dai son ci ne. Ya ce to ta riƙe wannan bambancin, kuma kada ta kuskura ta raina abincin mutane idan ta je gidan wani. A kan haka aka rabu.

Akwai kuma abin da nake so ki sa wa ido, wanda ba a cika maganarsa a gidajenmu ba. Wata yarinyar ba nama take gudu ba, abincin take gudu gaba ɗaya, barin nama hanya ce kawai ta samu da ba za a yi mata faɗa ba. Idan kika ga jerin abin da ba ta ci kullum ƙaruwa yake, yau babu mai, gobe babu tuwo, tana ramewa, tana ɓoye abinci ko ta ce ta ci a makaranta, tana shiga banɗaki da zarar an gama ci, tana yawan duba madubi tana cewa ta yi ƙiba, ko al'adarta ta ɗauke wata biyu zuwa uku, wannan ya wuce maganar wake da zogale. Ciwo ne, yana da masu duba shi, kuma yana iya kisa. Ki kai ta asibiti, kada ki jira hutu.

'Yar yayata ta sha maganin ayon na wata uku kamar yadda likita ya rubuta, an kuma duba maganar al'adar. Awon jininta ya haura 12. Har yau ba ta cin nama. Ƙwai ta dawo da shi da kanta, bayan na nuna mata ƙwayar B12 na ce ko wannan kullum ko ƙwai da kindirmo, ta zaɓa. Ran Asabar ɗin da ta wuce ta turo mini hoton awara a tsinke, ta rubuta a ƙasa, "Anti, Baba ya cinye shida, ya ɗauka tsire ne."